Jiƙon kusbara da hawan jini: Abin da ya kamata a sani kafin a ajiye ƙwaya

Da sassafe, kafin rana ta take a 'Yan Kura, can jikin Kasuwar Sabon Gari a Kano, masu kayan gwari sun riga sun yayyafa wa ganye ruwa sun jera a kan tebura. Ga latas da kabeji, ga karas da koren wake. A gefe kuma akwai wasu ƙananan ɗaurin ganye masu kama da juna, waɗanda sai mutum ya murza a yatsa ya shinshina kafin ya gane wanne ne wanne. Ɗaya daga cikinsu shi ne ganyen kusbara, wadda masu girkin zamani suka fi sani da koriyanda.

Idan aka kutsa cikin kasuwar zuwa wajen masu kayan ƙamshi, za a tarar da busassun 'ya'yanta, ƙanana kamar ƙwayar dawa, an ƙulla a leda ko an tara a roba kusa da kanumfari da masoro da kimba da girfa da hulba.

Shekara da shekaru masu sayenta sanannu ne: matan gida masu haɗa kori, masu gidajen abinci, da masu dafa abincin biki. Yanzu kuwa akwai masu zuwa da wata buƙata daban. A kofi za su jiƙa ta, domin an ce musu tana saukar da hawan jini.

Haɗin da ke yawo a WhatsApp da TikTok da Facebook kusan iri ɗaya ne. A samu cokali ɗaya ko biyu na 'ya'yan kusbara, a ɗan daddaka, a jiƙa a kofin ruwa ya kwana, da safe a tace a sha kafin a karya. Wasu su ce ganyen za a tafasa a sha kamar shayi. Wasu su ƙara da tafarnuwa ko lemon tsami. A ƙarshen saƙon kuma akan roƙi wanda ya karanta ya tura wa 'yan uwa don samun lada.

Ga mafi yawan mutane, shan wannan jiƙo ba shi da wata illa, domin kusbara abinci ce. Haɗarin yana ga abin da ake ajiyewa idan an ɗauki kofin, wato ƙwayar asibiti da aka ce a sha kullum.

Baƙuwar da ta zama 'yar gida

Sunan kansa ya nuna hanyar da ta biyo. Larabawa na kiranta kuzbara, Hausawa suka mayar kusbara. 'Yar gidan su karas da seleri ce, asalinta daga yankin Bahar Rum da Gabas ta Tsakiya, kuma ɗan Adam ya daɗe da saninta: har a kabarin Fir'auna Tutankhamun na Masar an samu 'ya'yanta. A yau Indiya ce kan gaba wajen nomanta a duniya.

Ba abin mamaki ba ne a same ta a wannan yanki na Kano. Fagge tun asali zangon baƙi ce, inda ayarin fatake daga Sahara ke sauke kaya a wajen ganuwa. Daga baya Larabawan Siriya da Labanon suka kafa kantuna a wajen da ake kira Kantin Kwari, aka kuma yanka Sabon Gari wajajen 1913 domin ma'aikata da 'yan kasuwar da jirgin ƙasa ya kawo daga kudu. Indiyawa ma suka zo suka zauna. Girkin Larabawa da na Indiyawa kuwa ba ya cika sai da kusbara.

Tsofaffin masu magani na Girka da ƙasashen Larabawa da Indiya sun yi rubutu a kanta, galibi a matsayin maganin kumburin ciki da rashin narkewar abinci. A Maroko ana shanta don ta sa fitsari. Jiƙa 'ya'yan su kwana a ruwa kuma tsohuwar al'ada ce a gidajen Indiya, inda ake kiranta daniya.

Sai dai akwai abin lura a nan. Na'urar awon jini da ake ɗaurawa a dantse ba ta samu ba sai a 1896, lokacin da wani likitan Italiya mai suna Riva-Rocci ya ƙirƙiro ta. Sai a 1905 kuma wani likitan Rasha, Korotkoff, ya gano yadda ake sauraron bugun jijiya a fitar da lambobi biyun nan, ta sama da ta ƙasa.

Ke nan magabatan da suka yabi kusbara ba su da hanyar sanin ko jinin mutum 120 ne ko 180. Abin da suka gani da ido suka rubuta: ciki ya lafa, fitsari ya ƙaru. Hawan jini kuwa ba a ganinsa da ido.

Me binciken masana ya nuna?

Maganar cewa kusbara na saukar da jini ba daga sama ta faɗo ba. A 2008 masu bincike a birnin Fas na Maroko sun wallafa sakamakon gwajin da suka yi wa ɓeraye da ruwan 'ya'yan kusbara, inda suka ga yana ƙara musu fitsari, yana kuma fitar da gishiri daga jiki. A 2009 wasu masanan a Pakistan suka ba da rahoton cewa ruwan da aka tatso daga 'ya'yan ya saukar da jinin ɓeraye, ya kuma sassauta jijiyar jini da aka ciro daga jikin zomo. Duka biyun a mujallar Journal of Ethnopharmacology aka buga su.

Irin waɗannan bincike ne ake nufi idan saƙon waya ya ce masana sun tabbatar. Abin da saƙon ba ya faɗa shi ne yadda aka yi gwajin. An sa wa ɓerayen maganin barci ne, aka ɗura musu ruwan kai-tsaye ta jijiya, aka auna abin da ya faru cikin mintuna ko 'yan sa'o'i.

Wannan ya sha bamban da magidanci mai nauyin kilo 80 da ke shan jiƙon cokali ɗaya ta baki, ciki ya narkar, hanta ta tace, abin da ya rage ya shiga jini. Kuma hawan jini ba ciwon sa'a biyu ba ne. Abin da ake nema shi ne jini ya zauna a ƙasa dare da rana, shekara bayan shekara.

Gwaji a kan dabba matakin farko ne kawai. Magunguna da yawa sun yi kyau a jikin ɓera suka gaza a jikin mutum. Har yau babu wani babban gwaji a kan masu hawan jini da ya nuna cewa kusbara na riƙe jini a ƙasa, balle ta hana shanyewar ɓarin jiki. Shi ya sa ba ta cikin ƙa'idojin maganin hawan jini na Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ko na Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya.

Wata hujjar da ake kafawa ita ce kusbara na ɗauke da sinadarin fotasiyam, wanda ke taimaka wa jiki fitar da gishiri. Gaskiya ne tana da shi. Amma ƙaramin cokalin shayi na 'ya'yanta bai kai miligiram 30 na sinadarin ba, alhali WHO ta ce baligi na buƙatar aƙalla miligiram 3,510 a rana. Ayaba ɗaya ko kwanon wake ya ninka abin da ke cikin jiƙon sau da yawa.

Zoɓo ma ya fi ta hujja

Tsiron da ya fi kusbara shaida a wannan fage yana nan a kowane lungu na Kano, wato zoɓo. A 2010 masu bincike a Jami'ar Tufts ta Amurka sun wallafa gwajin da suka yi da mutum 65 waɗanda jininsu ya fara hawa. Waɗanda suka sha kofi uku na zoɓo kullum tsawon mako shida, lambar saman jininsu ta sauka da kusan 7, yayin da ta waɗanda aka bai wa wani abin sha mai kama da shi ta sauka da kusan 1 kacal. A 2015 masana a Enugu ma sun gwada shi a kan 'yan Najeriya, suka ga yana saukar da jini.

Duk da haka, waɗanda aka yi gwajin da su masu ƙaramin hawan jini ne, tsawon gwajin 'yan makonni ne, kuma zoɓon ba irin na gora ba ne da ake cika wa sukari. Saukar 7 ba za ta fitar da mai 180 daga haɗari ba.

Idan aka dubi ƙwayoyin asibiti kuwa, labarin daban ne. A 2019 mujallar New England Journal of Medicine ta buga sakamakon gwajin da Dokta Dike Ojji na Jami'ar Abuja ya jagoranta a kan marasa lafiya 728 daga ƙasashen Afirka shida. Gwajin ya nuna cewa haɗin magani mai ɗauke da Amlodipine ya fi saukar da jinin baƙar fata. An san adadin da ake sha, an san tsawon lokacin da yake aiki, an kuma san illolinsa, kamar kumburin ƙafa da wasu ke samu. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan da aka tabbatar game da jiƙon kusbara.

Me ya sa ake jin kamar ta yi aiki?

A gidaje da dama zancen ba ya wuce haka. 'Ya ta tambaya: Baba, ka sha maganinka kuwa? Shi kuma ya ce ai ya samu sauƙi, jiƙon nan ya karɓe shi, kan ma ya daina ciwo. Ba ƙarya yake yi ba. Akwai dalilan da ke sa mutum ya yi imani da gaske cewa ya warke.

Na farko, hawan jini mai kisan mummuƙe ne. Yawancin masu shi ba sa jin komai. Ciwon kai da jiri da ake alaƙantawa da shi sau da yawa daga gajiya suke, ko rashin barci, ko zafin rana, ko zazzaɓi, kuma sukan tafi da kansu. Kai na iya daina ciwo alhali jini na nan a sama yana cin jijiyoyi.

Na biyu, ƙwayar ba ta fita daga jiki rana ɗaya. Amlodipine, wadda ke cikin ƙwayoyin da aka fi bai wa masu hawan jini a Najeriya, na ɗaukar sa'a 30 zuwa 50 kafin rabinta ya bar jini. Wanda ya daina sha ranar Litinin ya koma jiƙo, idan ya je kemis ya yi awo ranar Laraba zai iya ganin lamba mai kyau. Sai ya yaba wa kusbara, alhali ragowar ƙwayar ce ke aiki. Bayan mako ɗaya ko biyu jinin zai koma inda yake, lokacin kuma ya riga ya daina awo.

Na uku, jini na hawa da sauka cikin yini guda. Wanda ya sha cunkoson Kwari ko na Bata a cikin adaidaita sahu, ya shigo asibiti yana haki aka ɗaura masa na'ura nan take, lambarsa ba za ta zo ɗaya da wadda zai samu a gida da safe bayan ya huta ba. Wasu ma ganin likita kaɗai na tayar musu da jini.

Ga kuma wani abu. Wanda ya tsorata har ya fara jiƙo yakan rage gishiri a lokaci guda, ya rage goro ko taba, ya riƙa kwanciya da wuri. Idan jinin ya ɗan sauka, kofin da ake gani kowace safiya shi ke kwashe yabon. Wanda jiƙon bai yi wa aiki ba kuwa, ba ya fitowa a bidiyo ya ba da shaida.

Sai bango ya tsage

Ba jahilci ne kaɗai ke kai mutane ga jiƙo ba. Maganin hawan jini ba irin na zazzaɓi ba ne da ake sha kwana uku a gama. Saye ne na kowane wata har ƙarshen rayuwa, kuma mafi yawan 'yan Najeriya daga aljihunsu suke biya.

Tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 da sakin darajar naira a watan Yuni, farashin magunguna ya yi tashin gwauron zabi, domin yawancinsu ko kayan haɗa su daga waje ake shigo da su. A watan Agustan shekarar kamfanin GlaxoSmithKline ya sanar da daina harkarsa ta kai-tsaye a Najeriya, Sanofi ma ya bi sahu a watan Nuwamba. A watan Yunin 2024 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a umarnin cire haraji a kan kayan haɗa magani don rage raɗaɗin.

A Sabon Gari kuma an samu wani sauyin. A watan Fabrairun 2024, bayan hukuncin Babbar Kotun Tarayya da ke Kano, hukumomin NAFDAC da PCN sun rufe shagunan magani sama da 1,300 a yankin, ciki har da na Malam Kato, domin tilasta wa masu sari komawa sabuwar kasuwar magani ta Dangwauro da ke hanyar Zariya. Hukumomin sun ce manufar ita ce daƙile jabun magunguna da waɗanda zafi ya lalata.

Tsoron jabu na daga cikin abin da ke sa wasu su ce gara abin da suka gani da idonsu a buhu. Ga kuma jita-jitar cewa duk wanda ya fara ƙwayar jikinsa zai saba da ita, ko za ta kashe masa ƙoda, ko ta rage masa ƙarfin namiji. Gaskiyar ita ce ana ci gaba da shan ƙwayar ne saboda ciwon ba ya warkewa, riƙe shi ake yi. Ƙoda kuma hawan jinin da aka bari ne ya fi kashe ta. Idan wata ƙwaya ta kawo matsala a shimfiɗa, akwai wasu da likita zai iya sauyawa da su.

Ɗan dako a Singa ko mai ɗinki a Fagge da ke da bakuna takwas a gida, idan ya auna kuɗin maganin wata da ƙullin kusbara, lissafin ba mai wuya ba ne. Hausawa sun ce wanda ya faɗa rijiya, ko kaifin takobi aka miƙa masa kamawa zai yi.

Abin da ke biyo baya

A rahotonta na farko kan hawan jini da ta fitar a watan Satumban 2023, WHO ta ce masu ciwon a duniya sun ninka daga miliyan 650 a 1990 zuwa biliyan 1.3 a 2019. Kusan rabinsu ba su san suna da shi ba, kuma huɗu cikin biyar ba sa samun kulawar da ta wadatar. A Najeriya, bincike daban-daban sun nuna kusan baligi ɗaya cikin uku na ɗauke da shi.

Idan jini ya daɗe yana matsa wa jijiyoyi, bangonsu kan yi tauri ya ƙuntata. A ƙwaƙwalwa, jijiya na iya toshewa ko ta fashe, sai ɓarin jiki ya shanye. Zuciya, saboda tura jini da ƙarfi kullum, takan kumbura ta gaza, sai a ga mutum na haki, ƙafafu sun kumbura. Ƙananan jijiyoyin ƙoda kan lalace sannu a hankali har a kai ga wankin ƙoda. Ido ma ba ya tsira.

Wani babban bincike mai suna SIREN, da aka gudanar a asibitoci 15 na Najeriya da Ghana, ciki har da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ya duba sama da mutum 2,000 da suka samu shanyewar ɓarin jiki. Sakamakon da aka buga a 2018 ya nuna hawan jini na da hannu a kusan tara cikin goma na matsalar.

A unguwa, idan magidanci ya yanke jiki ya faɗi a banɗaki da asuba, wani zai ce iska ce, wani ya ce jifa ne. Ba kasafai ake waiwayar kwalin maganin da ya yi wata biyu a kan firij ba a taɓa ba. Kuɗin da aka so a rage kuma sai a kashe ninkinsa a gadon asibiti da gashin ƙashi, ga shago a rufe, ga wanda ke ciyar da gida ya koma sai an kwantar an tayar.

Ga mai juna biyu lamarin ya fi tsanani. Hawan jini a lokacin goyon ciki shi ke kaiwa ga jijjiga, wadda ke cikin manyan abubuwan da ke kashe mata wajen haihuwa a arewacin Najeriya. Mai cikin da aka ce jininta ya hau ba ta da lokacin gwada jiƙo, kuma ba kowace ƙwayar hawan jini ce ta dace da ita ba. Wurinta ɗakin awon ciki.

Lambar NAFDAC ba shaidar waraka ba ce

Bayan 'ya'yan da ake aunawa a gwangwani, akwai gari da shayi da kwalabe masu ɗauke da sunan kusbara haɗe da wasu itatuwa, a shagunan maganin gargajiya da kuma motocin da ke talla da lasifika. Mai saye yakan duba lambar NAFDAC, in ya gani hankalinsa ya kwanta.

Abin da da yawa ba su sani ba shi ne, lambar da ta ƙare da harafin L na nufin hukumar ta duba maganin ta ga ba shi da guba a gwajin da aka yi. Ba ta ce yana warkarwa ba. Shi ya sa ake rubuta wa a jikin kwalin cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin da aka yi ba. Dokar abinci da magunguna ta ƙasa ma ta hana tallata wani abu ga jama'a a matsayin maganin hawan jini.

Haɗin da ba a san abin da ke ciki ba ya fi jiƙon gida haɗari. Misali, saiwar nan mai zaƙi da Larabawa ke kira irƙus-sus, wadda ake samu a kanta ɗaya da kusbara, tabbatacce ne cewa tana tayar da jini idan aka yawaita ta.

Ko kusbara zalla akwai waɗanda ya kamata su yi hattara da yawanta. Ganyen na da sinadarin bitamin K mai yawa, wanda ke rage ƙarfin maganin tsinka jini na Warfarin. Mai ciwon ƙoda kada ya sha wani jiƙo ko tafasasshen ganye sai da sanin likitansa. Mai shan maganin sukari ya riƙa awo, domin gwajin dabbobi ya nuna tana iya saukar da sukari. Ɗanyen ganye kuma a wanke shi sosai, tunda wasu lambunan cikin birni da gurɓataccen ruwa irin na Jakara ake ba su ruwa.

Inda take da amfani na gaske

Duk wannan bai sa kusbara ta zama marar amfani ga mai hawan jini ba. Amfaninta a tukunya yake.

WHO ta ce kada baligi ya wuce giram 5 na gishiri a rana, wato ƙasa da ƙaramin cokalin shayi ɗaya, haɗe da wanda ke ɓoye cikin abinci. A girkin Kano kuwa gishiri ta ƙofofi da yawa yake shigowa. Ga na hannu, ga dunƙulen magi wanda kusan rabinsa ko fiye gishiri ne, ga ƙullin ɗanɗanon taliyar yara, ga yajin tsire da kilishi, ga burodi. Kanwar da ake jefawa a wake da miyar kuka da ɗanwake ita ma tana da sinadarin sodiyam, wanda shi ne ɓangaren gishirin da ke tayar da jini.

Babbar matsalar rage gishiri ita ce abinci ya yi lami, maigida ya ture kwano. A nan ne kayan ƙamshi ke shigowa. Idan aka ɗan soya 'ya'yan kusbara a busasshen kasko aka daka, aka haɗa da citta da tafarnuwa da masoro da daddawa, miya za ta yi ƙamshin da zai sa a iya rage dunƙule daga huɗu zuwa biyu ba tare da an ji giɓi sosai ba. Ganyen kuma a yanka a zuba a kwaɗo ko a kan dafa-duka bayan an sauke. Harshe kan saba da ƙarancin gishiri cikin 'yan makonni.

Binciken SIREN ya goyi bayan wannan. Cikin abubuwan da ya gano suna ƙara haɗarin shanyewar ɓarin jiki akwai ƙarancin cin ganye da kuma barbaɗa gishiri a kan abinci bayan an zuba. Zogale da alayyafo da rama da lansir, waɗanda ake tarawa a 'Yan Kura kusa da kusbarar, duk suna cikin abin da ake so mai hawan jini ya yawaita.

Akwai kuma abin da ya kamata a rage bayan gishiri: taba, yawan goro, ƙiba, da magungunan ciwon jiki irin su Diclofenac da Ibuprofen da 'yan dako da masu zaman shago ke haɗiya kullum. Waɗannan ƙwayoyi na tayar da jini, suna kuma wahalar da ƙoda.

Gani ya kori ji

Hanya ɗaya ce ta sanin ko wani abu na aiki, ƙwaya ce ko jiƙo: awo. A ƙa'idar WHO, ana cewa mutum na da hawan jini idan aka auna shi a ranaku biyu daban-daban aka samu lambar sama ta kai 140 ko ta ƙasa ta kai 90.

Don awo ya faɗi gaskiya, a zauna a kujera a jingina baya, ƙafafu a ƙasa, a huta minti biyar. Kada a sha shayi ko kofi, ko a ci goro, ko a sha taba minti 30 kafin nan. A ɗora hannu a kan tebur daidai da ƙirji, a yi shiru. A auna sau biyu, a rubuta a takarda da kwanan wata. Mai na'ura a gida ya yi safe da yamma na mako guda kafin ranar ganin likita.

Ba sai an je babban asibiti ba. Tun a 2020 Kano ta zama ɗaya daga cikin jihohi biyu, ita da Ogun, da aka fara shirin daƙile hawan jini a ƙananan asibitoci na matakin farko, da haɗin gwiwar Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya da WHO da ƙungiyar Resolve to Save Lives. Tsarin mai sauƙi ne: a fara da Amlodipine, in jini bai sauka ba a ƙara Losartan, a ci gaba mataki-mataki. Ga kuma hukumar taimakekeniyar lafiya ta jihar, KSCHMA, ga mai son shiga tsarin inshora.

Wanda kuɗin magani ya fi ƙarfinsa, gara ya faɗa wa likita ko mai haɗa magani ƙarara maimakon ya daina a ɓoye. Sau da yawa akwai irin maganin na wani kamfani mai rajista da ya fi araha. Wanda kuma ke son shan jiƙonsa, ya sanar da likita, ya ci gaba da ƙwayarsa, ya kawo takardar awo. Idan jinin ya sauka da gaske, likitan ne zai rage adadin.

Akwai alamun da ba a jira da su. Idan baki ya karkace, ko hannu ko ƙafa ta saki, ko magana ta sarƙe, ko gani ya dushe farat ɗaya, ko aka ji matsanancin ciwon kai ko na ƙirji, musamman in awo ya kai 180 bisa 120, a nufi asibiti nan take. Kada a tsaya jiƙa komai, kada kuma a ɗura wa wanda ba ya iya haɗiya ruwa a baki.

Kowace shekara, ranar 17 ga Mayu ce Ranar Hawan Jini ta Duniya, kuma kiran da ake yi a cikinta shi ne kowa ya san lambarsa. Daga rumfar mai kusbara a Sabon Gari zuwa kemis ko asibitin da ke da na'urar awo tafiyar 'yan mintuna ce, awon kansa kuma bai wuce minti biyar ba. Ƙullin da aka sayo ya shiga miyar dare, ƙwaya kuma a sha ta a kan lokaci kamar yadda aka rubuta.